Taƙaita Maganar Wani Sata Ce?



A ƙasar Jamus akwai wata mujalla ta intanet mai suna Perlentaucher, wadda aka kafa a birnin Berlin a shekarar 2000. Ma'anar sunan da Jamusanci ita ce mai nutso cikin teku don tsamo lu'ulu'u. Manyan jaridun Jamus suna ware shafuka inda masana ke sharhin sababbin littattafai. Ma'aikatan wannan mujalla sai su karanta sharhin, su matse shi zuwa 'yan layuka, su faɗi wanda ya rubuta da jaridar da ya fito. Mai neman littafi yakan ga a wuri ɗaya wanda ya yaba da wanda ya kushe.

To amma ba kowa ya ji daɗi ba. Jaridu biyu, Frankfurter Allgemeine Zeitung da Süddeutsche Zeitung, sun kai mujallar ƙara, domin tana sayar wa shagunan littattafai na intanet waɗannan taƙaitattun bayanai. Su a ganinsu, wani ya yi noma wani ya kwashe amfanin gona. Shari'a ta yi shekaru. A 2010 babbar kotun tarayya ta ce taƙaitawa ba laifi ba ce, muddin mai yi ya yi amfani da kalmomin kansa. A 2011 kuma wata kotu a Frankfurt ta ga cewa wasu daga cikin bayanan sun ɗauko jimlolin masu sharhin fiye da kima, ta hana su.

Ni dai ina bayan wannan hukunci. Duk wanda aka taɓa ba shi shafi biyu a aji aka ce ya mayar da su layi biyar ya san aiki ne ja. Sai ka fahimta kafin ka iya ragewa. Mai kwafa kuwa hannunsa kaɗai ke aiki, har kuskuren rubutun maƙwabcinsa yake kwashewa. Duk da haka ina ɗan tausaya wa jaridun. Su ne suka biya mai sharhin da ya kwana yana karanta littafi mai shafi ɗari huɗu, kuma in kowa ya tsaya kan layi biyar, wa zai sayi jarida?

Abin da ya fi burge ni shi ne a ce ƙasa tana sharhin littattafai da yawa har a buƙaci mai tattarawa. Mu a wannan allo labarin ƙwallo da barkwanci sun cinye wuri. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ware gefe ɗaya: duk mako ɗalibi ɗaya ya ari littafi, ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne, ya rubuta layi goma da kalmominsa, wani kuma ya ba shi amsa mako mai zuwa.