Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Makomar Maiƙo a Cikin Ruwa

Duk wanda ya taɓa wanke tukunyar miya ya san maiƙo ba ya gauraya da ruwa. To, ina yake zuwa bayan an zubar da shi a kwata? Man gyaɗa da manja da kitsen dabba duk dangin sinadarai ne da masana ke kira esta, wato abin da ake samu idan asid na maiƙo ya ƙulle da wani sinadari kamar gilisarol. A yau masana'antu na haɗa ire-irensu don yin man shafawa, da man inji, da dizal na man tsirrai. Ko ba daɗe ko ba jima, wani kaso daga cikinsu zai gangara rafi.

Masu share wannan maiƙo su ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, musamman bakteriya. Da farko sukan tsinke ƙullin estar, sa'an nan su bi doguwar sarƙar kabon da ta rage suna gutsurar biyu-biyu, kamar mai shan rake gaɓa bayan gaɓa. Bajamushe Franz Knoop ne ya gano wannan gutsura a shekarar 1904. Miƙaƙƙiyar sarƙa ba ta ba su wuya, amma mai rassa takan tsaya musu a wuya. An ga misalin haka a Turai da Amurka a shekarun 1950, lokacin da kumfa ta riƙa rufe koguna saboda garin sabulun wanki mai sarƙa mai rassa. Sai da aka koma ga miƙaƙƙiyar sarƙa a tsakiyar shekarun 1960 kumfar ta lafa.

Don gudun maimaita wannan kuskure, akan gwada sabon sinadari a ɗakin bincike. A gwajin ƙungiyar OECD mai lamba 301, akan zuba shi a kwalabe tare da bakteriya har kwana 28. Idan sun cinye kashi 60 cikin ɗari, gwargwadon iskar oksijin da suka sha, kuma cikin wa'adin da aka gindaya, sai a ce yana saurin ruɓewa. Amma sinadarai dubbai ne, gwajin kuwa na cin lokaci da kuɗi. Shi ya sa aka nemi taimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Alal misali, manhajar BIOWIN ta Hukumar Kare Muhalli ta Amurka takan rarraba sinadari gunduwa-gunduwa, ta ba kowace maki. Ƙullin esta na ƙara maki, kabon mai rassa huɗu na rage shi. Daga jimillar sai ta yi hasashe cikin ƙiftawar ido.

A ra'ayina wannan ci gaba ne babba, amma fa rariya ce ta tankaɗe, bai kamata a ɗora ta a kujerar alƙali ba. Dalilaina uku ne. Na farko, kwamfuta ta koyi darasinta ne daga sinadaran da aka riga aka gwada. Idan aka kawo mata baƙo, za ta ba da amsa ba tare da kunya ba, ko da kuwa kuskure ce. Na biyu, esta mai doguwar sarƙa da ƙyar take narkewa. Takan yi bargo a saman ruwa ko ta manne da laka, ta yadda bakteriya ba sa kai mata da sauri, komai kyawun makinta. Na uku, kwalbar gwaji tana da wadatacciyar iska da tsayayyen ɗumi. Kududdufin bayan gari a watan Afirilu ba haka yake ba: ruwan ya yi zafi, oksijin ya ƙaranta. Idan aka malala masa mai, saurin ruɓewar ma kan zama masifa, domin bakteriya za su shanye ɗan oksijin da ya rage, kifaye su mutu.

Saboda haka, a bar kwamfuta ta nuna wanda za a fara gwadawa, hukunci kuwa ya fito daga gwaji. Gani ya kori ji. Ina kira ga malamai da su sa ɗalibai su zuba ɗigon man gyaɗa a kwalba biyu, ɗaya da ruwan rafi, ɗaya da ruwan rafin da aka tafasa, su riƙa girgizawa suna rubuta abin da suka gani har wata guda. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa, gobe in kwamfuta ta ba shi amsa, zai san irin tambayar da zai yi mata.