SHARHI: Daga duniyar wata zuwa ramukan Anka, wa ke riƙe da ragamar kamfanonin haƙar zinare?

A watan Disamba na 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta ƙaƙaba wa Jihar Zamfara tun watan Afrilu na 2019. Tun daga lokacin, muhawarar da ake yi ba ta wuce batutuwa biyu ba: tsaro da kuɗin shiga. Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi shafar rayuwar yaran Anka da Bukkuyum da Gummi. Su wane ne ke shugabantar kamfanonin da za su shiga dajin da lasisi a hannu, kuma me suka sani game da dutsen da za su fasa?

Amsa mafi bayyana ga muhimmancin wannan tambaya tana wani wuri mai nisan kusan kilomita 384,000 daga Bagega. Kamfanoni masu zaman kansu da ke tura kumbo zuwa duniyar wata su ma masu neman ma'adinai ne a asali. Suna laluben ƙanƙarar ruwa da wani nau'in iskar hiliyam mai tsada, kuma Najeriya ba baƙuwa ba ce a zancen, domin a watan Disamba na 2022 ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda ta ƙunshi ƙa'idojin amfani da albarkatun sararin samaniya. Abin da ya haɗa waɗannan kamfanoni da masu haƙa a yammacin Zamfara shi ne dukkansu suna aiki a wurin da kuskure ɗaya kan cinye komai.

Waɗanda ke saman kujera

Kamfanin Intuitive Machines na jihar Teksas a Amurka, wanda a ranar 22 ga Fabrairu, 2024 ya zama kamfani mai zaman kansa na farko da ya sauke kumbo a duniyar wata, an kafa shi ne a 2013. Shugabansa, Steve Altemus, injiniya ne da ya riƙe muƙamin mataimakin darakta a cibiyar Johnson ta hukumar NASA. Ɗaya daga cikin abokan kafa kamfanin, Tim Crain, shi ma injiniya ne da ya fito daga wannan hukuma. Takeshi Hakamada, wanda ya kafa kamfanin ispace a Japan, ya karanci injiniyancin jiragen sama da kumbo ne. A kamfanin Interlune, mai burin tono hiliyam daga turɓayar wata, akwai Harrison Schmitt cikin waɗanda suka kafa shi, masanin ilimin duwatsu da ya taka duniyar wata da ƙafarsa a watan Disamba na 1972.

Masu kuɗi na nan a dukkan waɗannan kamfanoni, kuma muryarsu na da nauyi. Amma mutumin da ke yanke hukunci a kan ko a tashi ko a dakata ya iya karanta alƙaluman da ke gabansa da idonsa, ba ya jiran a fassara masa.

Ƙwarewa ba ta hana faɗuwa

Kada mai karatu ya ɗauka ilimin shugabannin ya tsare su daga asara. Kumbon ispace na farko ya tarwatse a watan Afrilu na 2023, na biyu ma ya bi sahunsa a watan Yuni na 2025. Na kamfanin Astrobotic, mai suna Peregrine, ya fara yoyon mai jim kaɗan bayan tashinsa a watan Janairu na 2024, bai kai duniyar wata ba. Kumbuna biyu na Intuitive Machines sun sauka, amma dukkansu sun kishingiɗa a gefe guda. Kamfanin Firefly Aerospace ne ya sauke nasa a tsaye cur a ranar 2 ga Maris, 2025.

Darasin yana cikin abin da ya biyo bayan faɗuwar. Kimanin wata guda da tarwatsewar kumbonsa na farko, ispace ya fito ya bayyana dalili: lokacin da kumbon ya ratsa bakin wani rami mai zurfin kusan kilomita uku, manhajarsa ta ɗauki ma'aunin tsayin da ta samu a matsayin kuskure ta yi watsi da shi, sai kumbon ya zaci ya taɓa ƙasa alhali yana sama da nisan kimanin kilomita biyar, har mansa ya ƙare ya rikito. Kamfanin ya kuma amince cewa sauya wurin sauka bayan an kammala duba tsarin kumbon ya taimaka wajen aukuwar haka. Shugabannin Intuitive Machines kuwa sun tsaya gaban 'yan jarida suka ce an manta ne ba a kunna wani makunni na na'urar auna nisa ba kafin tashi. Astrobotic ya kafa kwamitin bincike da wani masani daga waje ya jagoranta, kuma ya bayyana cewa matsalar daga wani bawul take.

Amfanin ƙwararre a saman kamfani ke nan. Yana iya gano ainihin abin da ya lalace, yana da sunan da zai zube idan ya ɓoye, kuma akwai takwarorinsa da za su gane in ya yi ƙarya.

Abin da dutsen Anka ya ɓoye

Yammacin Zamfara ya riga ya biya farashin rashin wannan sani. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa bayan farfaɗiya da suma a wasu ƙauyuka. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kai shi cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. A Dareta ta Ƙaramar Hukumar Anka da Yargalma ta Bukkuyum, binciken da aka yi tare da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda. A wasu wuraren, dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ma'aunin Amurka na wurin wasan yara yake kashi 400. An ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka mutu. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru da Bagega duk sun shiga jerin. Bagega ba ta samu an kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan matsin lambar 'yan fafutuka ya sa gwamnati ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. MSF ba ta miƙa aikinta na Zamfara ga gwamnatin jiha ba sai a 2022.

Masanin duwatsu da ya ɗauki samfurin wannan dutse zuwa ɗakin gwaji zai ga dalmar a gwajin farko. Ba ilimin ne babu a ƙasar ba: akwai Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, akwai sassan nazarin duwatsu a jami'o'in Zariya da Jos. Abin da babu shi ne mai wannan ilimi a cikin jerin masu yanke shawara, tun daga bakin rami har zuwa mai sayen zinaren.

Doka ta tanada, wa ke dubawa?

Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 ba su yi shiru ba. Mai neman lasisi sai ya nuna wa ofishin rajistar filayen ma'adinai shaidar ƙwarewa da ta ƙarfin aljihu. Akwai majalisar COMEG mai yi wa injiniyoyin haƙa da masana duwatsu rajista. Ana buƙatar amincewar mai ƙasa, ana buƙatar nazarin tasirin aiki ga muhalli, kuma mai lasisin haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, a sake duba ta duk shekara biyar.

Raunin irin wannan tsari shi ne takarda na iya cika sharaɗi ba tare da mai takardar ya taɓa taka wurin ba. Sunan ƙwararre a fayil a Abuja daban, ƙwararren da ke da ikon cewa a kashe injin daban. Kasuwannin hannun jari na Kanada sun koyi wannan bayan badaƙalar kamfanin Bre-X a 1997, wanda ya yi iƙirarin gano tarin zinare a Indunusiya, daga baya aka gano barbaɗa zinaren aka yi a samfuran. Bayan haka aka kafa ƙa'idar cewa duk bayanin ma'adinai da kamfani zai fitar sai wani ƙwararre sananne ya amince da shi da sunansa. Kamfanin Thor Explorations, mai mahaƙar Segilola a Jihar Osun da ta fara fitar da zinare a 2021, yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida, kuma shugabansa Segun Lawson ilimin duwatsu ya karanta a Landan. Hakan bai raba shi da taƙaddama da gwamnatin jihar a kan haraji ba, amma alƙalumansa a fili suke ga mai son bi.

Hujjar da ba za a raina ba

Wani zai ce wannan duk zancen 'yan boko ne. Ba kamfani ne ya jawo bala'in 2010 ba, talakawa ne masu diga da shebur, kuma a yau matsalar dajin Anka da Bukkuyum ta 'yan bindiga ce, waɗanda babu injiniyan da zai iya tunkara. Akwai gaskiya a ciki. Babu masanin da zai kwana a wurin da ake sace mutane don kuɗin fansa, kuma dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a 2024 ba su isa su rufe dajin ba.

Sai dai hujjar na ƙara wa tambayar nauyi ne. Inda hukuma ba ta iya zuwa duba aiki, abin da ya rage shi ne sanin shugaban kamfani da tsoronsa ga sunansa. Sannan ƙananan masu haƙa ba za su ɓace ba. Zinaren da ake sayar da oza ɗaya a kan dala 1,200 da ɗoriya a 2010 ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2025. Duk kamfanin da ya shigo zai yi hulɗa da su, ko ya saya a hannunsu ko ya ɗauke su aiki. Shugaban da ya san dutsen zai dage a niƙa shi da ruwa don rage ƙura, a nesanta wurin niƙa daga gari, a tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin ma'aikaci ya koma wurin iyalinsa. Waɗannan su ne matakan da aka gwada a yankin bayan annobar. Wanda riba kaɗai ya sani zai auna zinaren ya biya, bai damu da turmin da aka daka shi ba.

Abin da za a tambaya kafin sa hannu

Tunda doka ta ba mai ƙasa da al'umma wurin sa hannu, masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi, shugabannin ƙananan hukumomin uku, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin suna da damar da ya kamata su yi amfani da ita. Ƙura da ruwan wankin dutse ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba, don haka Gummi ma na da ruwa da tsaki a abin da aka amince da shi a Bukkuyum.

Tambayoyin ba su da wuya. Wane ne masanin duwatsu ko injiniyan kamfanin, mene ne lambar rajistarsa, kuma sau nawa yake zuwa wurin aiki? Yana da ikon dakatar da aiki ba tare da jiran mai kuɗi ba? An gwada dutsen don auna dalma, kuma za a karanta wa mutanen gari sakamakon da Hausa? Wa zai biya kuɗin gwajin jinin yara duk shekara? Idan rami ya rufta ko yaro ya kamu, wa zai fito da sunansa ya faɗi dalili, kuma cikin kwana nawa?

Ita ma Ma'aikatar Ma'adinai tana iya sauƙaƙa aikin: ta wallafa, ga kowane lasisi a Zamfara, sunan kamfani, masu shi na haƙiƙa, da ƙwararren da ya ɗauki alhakin aikin. Kamfanin da ya yi asarar kumbo a duniyar wata ya bayyana wa duniya dalili cikin wata guda, alhali ƙarfe kawai ya rasa. Iyayen Dareta da Yargalma, da suka binne ɗaya cikin kowane yara huɗu a shekara guda, sun cancanci sanin sunan wanda zai amsa tambaya tun kafin a sake kafa injin niƙa.