A Haɗa Makaranta Da Kasuwa Kafin Sabuwar Manhaja Ta Tsaya A Takarda

A watan Satumbar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta fito da sabuwar manhajar firamare da sakandare. Cikin abin da ta zo da shi akwai darasin fasahar zamani ga 'yan babbar sakandare, da sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓi ɗaya, har da haɗa sola da gyaran kwamfuta da wayar salula. Wannan jarida ta yi maraba da matakin. Abin da ya hana mu sakin jiki shi ne: wa zai koyar, kuma da waɗanne kaya?

Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Arewa ya san halin da ake ciki. Inda aka yi sa'a akwai ɗakin kwamfuta, sau da yawa za ka tarar da kwaɗo a ƙofa, na'urorin lulluɓe da leda, ƙura ta yi musu rawani, saboda ba wuta, ba kuɗin man janareta. Malami na zana linzamin kwamfuta da alli, yara na kwafa. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaran da sai ana saura kwanaki su shiga jarrabawar hannunsu ke fara taɓa linzamin gaske. Wannan abin takaici ne, kuma ba laifin yaran ba ne.

Alhali ilimin yana nan kusa. A kasuwar waya ta Farm Centre ko Titin Beirut a Kano, za ka ga saurayi ya sunkuya kan wayar da ya farke, ƙarfen narka darma a hannu, ya ɗago wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya dasa sabo, waya ta kawo wuta. Shi yana da hannu, ba shi da takarda. Malamin aji yana da takarda, bai taɓa farke waya ba. Kamfanonin sadarwa da bankuna kuma suna kukan rashin ƙwararru. Kowa na riƙe da abin da ɗan'uwansa ke nema, an rasa mai zaunar da su tabarma ɗaya.

An gwada irin wannan zama a wani wuri. A 2011 kamfanin IBM da hukumar ilimi ta birnin New York da jami'ar birnin suka buɗe makarantar P-TECH a unguwar Brooklyn. Yaro zai yi har shekara shida kyauta, ya fito da shaidar sakandare haɗe da ƙaramin digiri a fannin fasaha. Kamfanin ya sa baki a abin da ake koyarwa, ya ba ɗalibai ma'aikatansa su riƙa yi musu jagora, ya buɗe musu ƙofar koyon aiki ana biyansu. Ba mu ce Kano ta zama Amurka ba. Abin ɗauka shi ne kowane ɓangare ya san nauyin da ke wuyansa, kuma nauyin bai ƙare ranar yanka ƙyalle da ɗaukar hoto ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga hangen nesa: makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a 1977 su suka cika asibitocin Kano da Jigawa da likitoci.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin kowace babbar sakandare da ƙungiyar masu sana'a mafi kusa da ita. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin tantance gwanin da ya koyi aiki a kasuwa ta ba shi shaida. A bi ta nan a zaɓo iyayen gidan da suka cancanta, a biya su alawus. Kamfanoni irin su MTN da Airtel su ɗauki nauyin intanet da sola na shekaru, ba kyautar rana ɗaya ba. Matasan da suka gama horon fasahar zamani na shirin 3MTT a ba su aji.

A kula da abu biyu. Kada zuwa shago koyon aiki ya koma aiken yaro sayo abinci da share ƙofa. Dole malamin makaranta ya riƙa bin sawu yana duba abin da aka koya. Sannan 'yan mata. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta wuni a kasuwar waya ba, kuma muna fahimtar damuwarsu. To, a kai gwanin da kayan aikinsa cikin makarantar mata, a horar da malamai mata su karɓe shi.

Muna roƙon kwamishinonin ilimi su bayyana wa jama'a, kafin a shiga sabuwar shekarar karatu, sunan kowace makaranta, da wanda aka haɗa ta da shi, da ranar da yara za su fara riƙe kayan aiki.