Madarar Almon, Kyanwa, Da Sunan Da Ake Neman Ƙwace Mana



Akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin mutanen birni masu ajiye kyanwa a gida, wadda in makiyayi ya ji ta da fari zai yi dariya: wai shin ko za a iya ba kyanwa madarar almon ta sha? To mu dai ba mu ɗauke ta abin dariya ba, domin kuwa duk tambayar da aka sa kalmar madara a cikinta, mu aka taɓa, ko mai tambayar ya sani ko bai sani ba.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinta ba, almon wata ƙwaya ce mai kama da gyaɗa, sai dai a kan itace take fitowa, kuma ba a noma ta a ƙasarmu. Wajen kashi 80 cikin 100 na wadda ake ci a duniya daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka take fitowa. Akan jiƙa ta, a markaɗa, a tace da ruwa, kamar dai yadda matanmu ke yin kunun aya, sa'an nan a zuba a kwali a rubuta masa "lait d'amande". A yawancin kwalayen da ake sayarwa, almon ɗin bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Sauran duk ruwa ne, da ɗan gishiri, da abin sa kauri, wani lokaci kuma da sukari. Watau mutum ya biya kuɗin jirgin ruwa har Duwala, da kuɗin mota har Garwa, don a kawo masa ruwa, alhali ga Binuwai nan tana malala a bayan gari.

Amsar tambayar ba ta da tsawo. Idan kyanwa babba ta lashi kaɗan daga wadda ba a sa wa kome ba, ba za ta mutu ba. To amma fa ba abin da za ta ƙaru da shi, kuma in ta sha da yawa sai zawo ko amai. Wadda aka haɗa da cakulan ko kofi kuwa, wannan kam guba ce gare ta. Ita kyanwa Allah Ya halicce ta maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa sai ta same shi a nama ko kifi, kuma babu shi a almon, babu shi a waken suya, babu shi a aya. Tun a shekarar 1975 masana suka gano cewa rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana lalata mata zuciya. Wani abin mamaki ma shi ne, bincike ya nuna a 2005 cewa harshen kyanwa ba ya jin zaƙi sam. Sabili da haka sukarin da aka zuba a kwalin, don mai gida aka zuba shi. Abin da ke jawo ta zuwa ƙwaryar nono maiƙo ne.

A nan ya kamata mu faɗi wata gaskiya da ta shafi namu kayan, don kada a ce mun yi son kai. Hatta madarar saniya, wadda Fulani ke kira biraaɗam, ba kowace kyanwa ce ke jure mata ba. Madara tana da nata sukari na halitta, kusan kashi 5 cikin 100, kuma da zarar an yaye kyanwa, ƙarfin cikinta na narkar da wannan sukari sai ya yi ta raguwa. Shi ya sa za ka ga an ba mage madara da yamma, da safe an tarar ta ɓata tsakar gida. Kindirmo da nono mai tsami sun fi mata sauƙi, saboda tsamin ya riga ya cinye wani sashe na sukarin, amma su ma ɗan kaɗan ne. Abin da kyanwa ke bukata shi ne ruwa mai tsabta, da guntun nama ko kifin Lagdo da aka dafa ba albasa ba tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna lalata mata jini. Tunda magana ta zo, bari mu ƙara da wannan: kada kowa ya shafa wa kyanwa maganin kaskar shanu don ya ga ƙuma a jikinta, kada kuma a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Dabbar da ke tsare mana rumbun dawa da buhunan ƙuli-ƙulin angurya da muka sayo daga Sodecoton, wadda addini ya yi mana kashedi a kan zaluntarta, ta fi ƙarfin wannan sakaci.

Inda abin ya zama babba shi ne wajen jarirai, na dabba da na mutum. Ɗan kyanwar da uwarsa ta mutu, in aka ɗora shi a kan ruwan almon, cikinsa zai cika amma yunwa ce za ta kashe shi. Ko madarar saniya ba ta kai ta uwarsa kauri ba, balle wannan. A cikin lita ɗaya ta madarar saniya akwai sinadarin gina jiki fiye da giram 30. A cikin lita ɗaya ta ruwan almon na kwali, da ƙyar ake samun giram 5. Kowane makiyayi ya san wannan darasi a kan maraƙi tun kafin a rubuta shi a littafi. Maraƙin da bai sha dakashi ba a sa'o'in farko na haihuwarsa, ba ya cika yin ƙarko, domin a cikin dakashin nan ne uwa ke miƙa masa garkuwar cututtuka, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓarta. A makonni 3 na farko kuwa cikinsa bai iya sarrafa tsaki ko ruwan wake yadda ya kamata ba. Wanda ya dama wa maraƙi maraya farin kunu ya ce ai fari fari ne, to ya shirya wuƙa ko ya shirya rami.

Kada wani ya ce ai wannan maganar dabbobi ce kawai. A shekarar 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Faransa ta fito ta gargaɗi iyaye da kada su shayar da jariran da ba su kai shekara ba ruwan almon, ko na shinkafa, ko na waken suya, bayan an kai yara asibiti cikin mawuyacin hali. A 2017 kuma wata kotu a ƙasar Beljiyam ta sami wasu iyaye da laifi a kan mutuwar jaririnsu ɗan wata 7, wanda suka riƙa ba shi irin waɗannan ruwaye na hatsi. Waɗannan mutane ne masu karatu, a ƙasar da ke da likita a kowace unguwa. To ina ga uwar da ke ƙauye a bayan Rai Buba, wadda ba ta karanta Faransanci, aka ce mata ga madara?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Mu a wurinmu madara ita ce abin da aka tatso daga hantsar dabba, kuma ba mu kaɗai ke faɗin haka ba. Hukumar Codex, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, haka ta bayyana ta a ƙa'idarta ta 1999. A watan Yuni na 2017 kotun ƙoli ta Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan wani kamfanin Jamus mai suna TofuTown, cewa ba a yarda a kira kayan tsiro da sunan madara ko man shanu ko cuku ba. Gaskiya ne sun bar wasu tsofaffin sunaye da bakin mutane ya saba da su, har da na almon da na kwakwa a harshen Faransanci, amma dai ƙa'idar ta tsaya. Abin lura a nan shi ne, Turawa sun je har kotu don su kare sunan madara saboda makiyayansu. Mu wa ya je mana? Mu ba mu da rigima da kunun aya ko kunun gyaɗa ko ruwan waken suya. Abinci ne mai kyau ga babba, musamman wanda cikinsa ba ya karɓar madara, kuma matan da ke yin su 'yan'uwanmu ne masu neman halali. Kakanninmu sun raba gardama tuntuni da suka kira su kunu.

Alal haƙiƙa ma, ba kwalin almon ne ke hana mu barci ba, don masu iya sayensa a Garwa ba su da yawa. Babban ɗan'uwansa ne, wanda ke zuwa a buhu mai kilo 25. Tun da Tarayyar Turai ta cire wa manomanta ƙayyadadden adadin madarar da za su tatsa a shekarar 2015, madara ta yi musu yawa. Sai su kwashe man shanun su sayar da tsada a can, ragowar su busar da ita, su zuba mata man ja da aka tace ya yi fari, su turo mana Afirka da araha. A ƙasashen yammacinmu, irin su Nijeriya da Nijar, harajin shigo da garin madara na babban buhu kashi 5 ne kawai cikin 100, kuma kowa ya san yadda kaya ke ratsowa tsakanin Yola da Garwa. Ƙa'idar Codex ta 2006 ta ce lalle a rubuta a jikin irin wannan gari cewa akwai man tsiro a ciki, kuma ba a shayar da jarirai da shi a madadin abincinsu. To amma da buhu ya iso kasuwa aka farke shi, aka ƙulla a leda ana sayarwa da awo, ina rubutun yake? Mai shayi ya saya, mai yin yogot ya saya, uwar marayu ta saya, kowa yana cewa madara.

Ita kuwa Bafillatanar da ta taso tun asuba daga ruga da ƙwarya a kai, da wannan take gasa. Saniyarta, ko Gudali ce ko ja ce ta Mbororo, ba ta cika ba ta fiye da lita 2 a rana ba bayan maraƙi ya sha, da rani kuwa abin ya fi haka muni. Ba ta da tallafin gwamnati, ba ta da firiji, burtalin da shanunta ke bi ma kullum gonar auduga na cinye shi. Idan farashin nono ya faɗi, kuɗin cefane da na sabulu da na maganin yara ne ya faɗi, domin a gidan makiyayi kuɗin nono na mata ne. Kuma fataken shanu kada su ce ba ruwansu: ranar da kuɗin nono ya kasa, ranar ce ake kora karsana kasuwar Adumri tun ba ta isa sayarwa ba, garken da za ku saya daga cikinsa baɗi ya ragu ke nan.

Wasu masu talla kuma, da ƙunci ya yi ƙunci, sukan ƙara ruwa da garin ƙwamen kuka a nono da rani, wasu ma su dama garin buhun nan su zuba a ƙwarya mai zane su ce daga ruga yake. Wannan yana ba masu sukar mu abin faɗa, kuma ƙungiya ba za ta goyi bayansa ba. Haka nan batun tafasa madara kafin a kwantar da ita, saboda tarin fuka da bakkale, ba abin sassauci ba ne.

Makiyayan yammacin Afirka sun riga mu tashi. A 2018 suka soma gangamin da suka kira "Mon lait est local" a Burkina Faso, Mali, Nijar, Senegal, Muritaniya da Cadi, kuma ƙungiyar APESS, wadda aka kafa a Bobo Julaso a 1989 take kuma da cibiya a nan Garwa, tana cikin waɗanda suka ja gaba. Cadi maƙwabciyarmu ce, matsalarmu ɗaya.

Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwo ta MINEPIA da ma'aikatar ciniki da su tilasta cewa duk garin da aka haɗa da man tsiro a bayyana shi da sunansa har a kan ƙaramar leda, a kuma yi shelarsa a rediyo da Fulfulde da Hausa da Larabcin Shuwa, tunda ba kowa ke karatu ba. Muna roƙon likitocin dabbobi, da ma'aikatan LANAVET na Bokle da suke yi mana alluran rigakafi tun shekarun 1980, da su riƙa sako maganar dakashi da ta marayun dabbobi a duk inda aka tara shanu don allura. Shugabannin rassa kuma, kowa ya je taronsa na gaba da ƙulli ɗaya na garin kasuwa da ƙwarya ɗaya ta kindirmo, a ajiye su gaban mata da ardo-ardo, a sa wani yaro ɗan makaranta ya karanta musu abin da aka rubuta a jikin buhun da garin ya fito.