Sharhi: Wa ke ciyar da jaridun cikin waya?



A watan Oktoban 2018 wata jarida da ba a taɓa buga ta a takarda ba ta girgiza Kano. Daily Nigerian, wadda Jaafar Jaafar ya kafa a 2016, ta saki wani bidiyo da ta ce gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ne a ciki yana cusa daloli a aljihun babbar riga. Gwamnan ya musanta, ya kuma kai ƙara kotu. Majalisar dokokin jihar ta gayyaci Jaafar, ya je rataye da Alƙur'ani, daga baya kotu ta dakatar da binciken. A 2021 ɗan jaridar ya bar ƙasar zuwa Ingila, ya ce yana tsoron ransa. Ba shi ya fara ba. Tun 2006 Omoyele Sowore ya kafa Sahara Reporters daga birnin New York yana tone-tonen masu mulki. Amma bidiyon Kano ne ya nuna wa mutanen Arewa cewa mutum ɗaya da kwamfuta da ƙarfin hali yana iya hana fadar gwamnati barci.

A jihar Katsina ma yanzu muna da namu, irin su Katsina Post da Katsina City News da DCL Hausa, ban da ƙananan shafuka bila adadin da matasa ke gudanarwa daga wayar hannu.

Dalilin karɓuwarsu a fili yake. Gidan rediyon gwamnati ba ya faɗin abin da zai ɓata wa mai gidansa rai. Manyan jaridu na Turanci ne, kuma ƙauye ba ya shiga shafinsu sai an yi gawa da yawa. A nan ƙasar Funtua da Malumfashi kuwa labari ya zama maganar rai da mutuwa. Daren 11 ga Disamban 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, waya ce iyaye suka riƙe har ranar da aka sako yara 344. Sannan a watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi da Faskari da Dandume. A watannin nan ne aka san amfanin abin. Direban da zai ɗauko hatsi daga kasuwar Dandume, wanda ya saba duba waya ya ji ko hanya lafiya kafin ya tada mota, sai ya koma tafiya da addu'a kawai.

To amma girma yana zuwa da ɗawainiya, kuma a nan gizo ke saƙar. Shafin da mutum ɗaya ke rubutawa da daddare ba ya cin komai sai data. Jaridar da ke da wakilai tana buƙatar kuɗin man babur zuwa Sabuwa, da albashin edita, da lauya, tunda sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024, bai daina zama bulalar da ake zane 'yan jarida da ita ba. Mai karatu ba ya biyan sisi; kuɗinsa kamfanin waya yake ba. Talla ba ta taka kara ta karya ba, in ka cire ta masu maganin gargajiya da masu sayar da filaye. Facebook yana biya gwargwadon yawan masu kallo, shi ya sa za ka ga an rubuta “Da ɗumi-ɗumi” ko “Innalillahi” da manyan baƙaƙe, a ƙasa hoton wani hari na shekaru uku baya, wani lokaci ma na wata ƙasa. Saƙo irin wannan ya isa ya watse kasuwa, ya hana mutane zuwa gona ana tsakiyar girbi.

Saura mai biya na uku, ɗan siyasa. Shi ba ya jayayya a kan farashi. Alamarsa ba ta ɓuya: shafin da bara yake tambayar ina takin gwamnati ya shiga, bana hotunan onarabul ne yana raba buhun shinkafa, safe da yamma. A rediyo mun daɗe da sanin sojojin baka, sai ga su sun sake riga sun shiga waya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu riƙe mutuncinsu cikin talauci, kuma mu ma na rediyo ba za mu yi wa kowa gori ba.

Abin takaicin shi ne labaran da ake bari a ƙasa. Manomin Kafur ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da arha, wa ya bi diddigin dalili? Wa ya ƙirga injinan gurzar auduga nawa suka rage suna aiki a Funtua da Malumfashi? Tashar tsandauri ta Funtua da aka buɗe a 2024, kwantena nawa ta sauke? Waɗannan ba sa kawo dubban masu kallo a yini ɗaya, amma su ne za su sa ɗan kasuwa da ƙungiyar manoma su ga dalilin sa kuɗinsu a jarida.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma kuɗi zai zuba. Kiranmu ga masu waɗannan jaridu: abin da aka biya ku kuka wallafa, ku rubuta a kansa cewa talla ce, ku sa sunan edita da adireshin ofis, in kun yi kuskure ku gyara a bainar jama'a. Kai kuma mai saurare, kafin ka tura labarin hari zuwa zauren WhatsApp na unguwarku, kira wani da ke garin ka tabbatar.