Agadas: Inda aikin mai gadi ke iya kai shi gaban alƙali

A watan Janairun 2025 'yan bindiga suka sace wata 'yar Austiriya daga gidanta a Agadas, kuma jaridar Aïr Info ta ruwaito cewa da bakin bindiga suka tilasta wa mai gadi buɗe ƙofa. A watan Afrilu aka sake sace wata 'yar Suwis a birnin. Shin mai gadin da ya buɗe ƙofa yana da laifi?

Kundin hukunta laifuffuka na Nijar ya kasa laifi gida uku: ƙarami, matsakaici da babba, wanda a Faransanci ake kira crime. Doka ba ta kama wanda aka tilasta wa da ƙarfin da ba zai iya tsare wa ba. Amma wanda ya tsegunta wa ɓarayi lokacin da maigida ke fita, ko ya bar ƙofa buɗe da gangan, hukuncinsa ɗaya da nasu.

Akwai wani tarkon kuma. Mai gadi na da ikon kama ɓarawon da ya tarar yana sata, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ko jandarmomi. In ya doke shi har ya mutu, ko da bai yi niyyar kisa ba, ya aikata babban laifi.

Kamfanonin gadi da masu gidaje su koya wa ma'aikatansu waɗannan iyakoki kafin su damƙa musu makulli.