Haihuwa Ba Ta Ƙarewa Ranar Suna

Maganar yau ta cikin gida ce, kuma da mu maza zan fi yi, duk da na san iyayenmu mata za su ce ai sun daɗe suna faɗi, ba a ji ne.

A zangunanmu, ko a Nima ne ko Aboabo ta Kumasi, ko Zangon Kwatano, ko unguwannin Hausawa na Yawunde da Duwala, lissafinmu idan mace ta kusa sauka iri ɗaya ne. Kuɗin asibiti, ragon suna, atamfar mai jego, goro da alawa. Ranar suna a ci a sha, a yi hotuna a tura gida ta WhatsApp. Washegari maigida ya buɗe rumfa, ko ya hau mota ya bi kayansa, a ransa an gama. Daga nan idan matar ta sake taka asibiti, to jariri aka kai allura. Ita kanta ba wanda ya ce ta hau gado a duba ta.

A gida abin da sauƙi ta wani gefen. Akwai uwa, akwai gwaggo, akwai tsohuwar da ke zuwa wanka safe da yamma. Idan fuskar mai jego ta kumbura ko ta ɗashe, akwai idon da zai gani. Nan kuwa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, makwabta kowa da harshensa da sabgarsa. Kwana takwas da haihuwa za ka ga yarinya tana ɗibar ruwa a famfo, tana girki, wata ma ta koma kan tukunyar kokonta saboda kar masu saye su watse. To wa zai lura da ita? Kai ne, maigida. A baƙon wuri kai ne gwaggon, ko ka so ko ka ƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta ce a duba uwa da jariri aƙalla sau 4 bayan haihuwa. Na farko cikin awa 24, kuma so samu ne kar a sallame ta kafin awannin nan su cika, ko da lafiya lau ta haihu. Na biyu wajen kwana na 3. Na uku tsakanin kwana 7 zuwa 14. Na huɗu idan ta cika mako 6, wato kwana 42. Ka ga kusan daidai da arba'in ɗinmu ke nan. Tsofaffinmu da likitoci duk sun haɗu a kan cewa kwanakin nan na lallaɓawa ne. Wadda ta haihu a gida ma wannan lissafin ya hau kanta, har ma ta fi buƙatar a kai ta a ranar farko.

Wani zai ce, mace tana tafiya da ƙafarta, tana cin abinci, me za a duba? Mahaifar da ta ɗauki ɗa tana kai kusan kilo 1 ranar haihuwa, kuma sai ta yi kamar mako 6 kafin ta koma ƙasa da giram 100. Inda mabiyiya ta rabu da ita ciwo ne buɗaɗɗe a ciki, shi ke kawo jinin biƙi. Jinin nan yakan fara ja, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi fari-fari, yana raguwa har ya ɗauke. Ma'aikaciya za ta taɓa ciki ta ji ko mahaifa tana komawa, ta duba ɗinki idan an yi ƙari ko an yi aiki, ta gwada jini ko ya hau, ta duba ido da tafin hannu ko jini ya yi ƙasa, ta tambayi fitsari da bahaya da nono. Duk wannan bai kai lokacin da muke ɓatawa wajen cinikin buhu ɗaya ba.

Akwai abin da nake so kowane maigida ya riƙe. Jinin mai jego ya fi hawa tsakanin kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, wato daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana shirin suna. Sai ta ce kanta na sara, a ce ai hayaniyar baƙi ce da rashin barci, a miƙo mata farasitamol. Alhali jijjigar da muke tsoro lokacin ciki tana iya kama mace bayan ta sauka, ko da jininta bai taɓa hawa ba a wajen awo. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ƙasan haƙarƙari, kumburin fuska da hannu, wannan ba na jiran a watse daga suna ba ne. A nemi mota.

Haka nan jini. Zubar jini ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma tana iya dawowa bayan mako ɗaya ko biyu idan wani guntun mabiyiya ya maƙale. Idan tana jiƙa audugar mata cikin ƙasa da awa ɗaya, ko gudaji manya suna fita, ko jinin da ya fara tsayawa ya dawo ja yana ƙaruwa, ko jiri na ɗibarta idan ta miƙe, asibiti kai tsaye. Zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon mara ko wari daga ƙasa, kar a tsaya a kemis a ce maleriya ce, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi a sha-raɓa, ko numfashi ya riƙa yankewa da ciwon ƙirji, shi ma na gaggawa ne, don jini kan daskare a jijiya ya tafi huhu.

Sai abin da mata ke ɓoyewa saboda kunya. Idan ta sha doguwar naƙuda, bayan 'yan kwanaki ta ga fitsari na zubo mata ba ta sani ba, ta faɗa da wuri. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, da ya shafe shekaru yana aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari tun ciwon yana sabo, wasu kan warke ba tare da tiyata ba. Wadda ta yi shiru wata shida ta rasa wannan damar. Ko ya daɗe ma ana gyarawa: akwai Babbar Ruga, akwai Danja kusa da Maraɗi, akwai cibiya a Tamale ga mutanen Gana. Kuma maigida, yadda ka karɓi maganar shi zai sa ta faɗa maka ko ta ɓoye.

Na san za a tambaye ni wankan jego da kunun kanwa. Ruwan ɗumi yana sa jiki ya saki, tsabta kuma ita ake so, ba wanda ya hana. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ciwon zuciya ke yawan kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da tafasasshen wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kanwa mai yawa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi ɗora nauyin a kan rama da hawan jinin lokacin ciki. Ko ma wanne ya fi laifi, kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa jini hawa. Wadda aka taɓa ce mata jininta ya hau, ko ƙafafunta ke kumbure, ta bar kunun kanwa. Ruwan wanka kuma a surka shi yadda hannu zai iya zama a ciki, kar a fyaɗa ganye a kan ɗinki. Idan mai jego tana haki daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi biyu ko uku, tana tari da dare, kar a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. Zuciya ce ake zargi, a kai ta a duba.

Abinci kuwa, nan al'adarmu ta yi kyau: ƙauri, gasasshen nama, farfesu, kunun gyaɗa. A ƙara da hanta, wake, kifi, zogale da alayyahu. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta ta ci gaba da sha, kar ta ajiye don ta sauka. Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci da lokacin shan ƙwayar, don yana hana jiki jan sinadarin da ke gina jini. Wadda aka yi wa aiki kar ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi har mako 6. Jarkar ruwa da buhun gawayi naka ne, Alhaji, ko ka biya yaro ya kawo.

Sai maganar hanya, wadda ta shafe mu fiye da kowa. Da yawanmu da an yi suna sai a ɗora mai jego a mota, a tura ta wanka gida. Daga Kumasi zuwa Kano ko Sakkwato tafiya ce ta kwana da kwanaki, ga zama a takure, ga tsayuwar iyaka. Irin wannan dogon zaman shi ke taimaka wa jini ya daskare a ƙafa, kuma idan jini ya ɓalle mata a tsakiyar hanya ba abin da direba zai iya. Idan da hali, gara a ɗauko uwarta ko yayarta ta zo ta zauna da ita, kuɗin motar ɗaya ne. Idan tafiyar ta zama dole, a bari ma'aikaciya ta duba ta ta yarda, ta riƙa sauka tana taka ƙafa duk inda aka tsaya, ta sha ruwa sosai. Katinta na asibiti ya bi ta a jaka, ko da Faransanci aka rubuta shi. Ka kuma kira gida ka faɗa musu ranar da ya kamata ta koma asibiti a can.

Kuɗi fa? A Gana tun 2008 inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauke wa mai ciki kuɗin awo da haihuwa da dubawar bayan haihuwa, in dai ta yi rajista. A arewacin Kamaru, yankunan Marwa da Garwa da Ngaundare, akwai takardar Chèque Santé ta sefa 6,000 da ke ɗaukar uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Ko inda za ka biya daga aljihu, gwajin jini da ganin ma'aikaciya bai kai kuɗin ƙafar rago ɗaya ba. Abin da ya fi hana matanmu zuwa shi ne harshe da tsoron tsawa. Yarinyar da aka kawo daga Zinder bara ba ta jin Tuwi, ba ta jin Turanci, ta yaya za ta bayyana ciwon mara? Ka raka ta, ko ka haɗa ta da wata babbar mace ta zango da ta san gari, don akwai abin da ba za ta faɗa a gabanka ba.

Zuwan mako na 6 ya zo da sauƙi, don ranar ce ake fara wa jariri alluransa na mako shida. Tafiya ɗaya, sai dai a buɗe baki a ce uwar ma a duba ta. A sake gwada hawan jini. Wadda sukarinta ya hau lokacin ciki a sake gwada shi. A yi maganar tazara, domin shawarar masana ita ce a samu aƙalla wata 24 kafin wani cikin, kuma shayarwa ba ta tsare mace sai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, kwanika na iya shiga. A kuma faɗa wa ma'aikaciya idan ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta barci ko da yaro ya yi, ba ta sha'awar ɗaukarsa. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani, kuma kaɗaicin baƙon wuri yana ƙara shi. Kar a yi saurin cewa iska ce ko raini.

Mu 'yan kasuwa ba ma manta ranar da kaya za su iso ko ranar da za a biya mu bashi. To ranar da aka haihu, ɗauki wayarka ka sa ranaku uku: kwana 3, kwana 10, kwana 42. Ka ajiye lambar direba ɗaya da zai ɗauka ko ƙarfe biyun dare ne, ka ware kuɗin mota a hannunta idan za ka yi tafiya, ka san asibitin da ke da jini a ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawon arba'in kuma ya fara daga asibiti, sannan a zaga dangi.

Allah ya raya abin da aka samu, ya ba masu jego lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.